Motata ta lantarki bayan kilomita 71,000: amsar da na ba Yayana

Yayana ne ya sa na zauna na rubuta wannan. Kwanakin baya ya kira ni da daddare ya ce motarsa ta fara gajiya, kuma yana tunanin sauya ta da ta lantarki irin tawa, amma ya karanta wani rahoto da ya sanyaya masa gwiwa. "Kai da kake tuƙa ta kullum," in ji shi, "faɗa min tsakaninka da Allah, mota ce mai amana ko kuwa?" Na buɗe baki zan ce masa e, sai na tuna safiyar da ta hana ni ko buɗe ƙofarta. Na so in ce a'a, sai kuma na tuna shekara uku da rabi ke nan rabona da tsayuwa a gefen titi da bonet a buɗe ina jiran inji ya huce. Sai na ce, "Yaya, ba ni kwana biyu in duba littafina."

Littafin nan ɗan ƙarami ne, yana zaune a aljihun gaban mota tun ranar da na karɓo ta. Ɗabi'a ce da na gada wurin mahaifinmu: duk abin da mota ta yi wanda bai dace ba, a rubuta kwanan wata, a rubuta kilomita, a rubuta abin da ya faru da yadda aka ƙare. Motar matsakaiciya ce mai kujera biyar, batirinta kimanin kilowat-awa 60, sabuwa na saye ta a farkon 2022. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, domin abubuwan da zan faɗa suna iya samun mai kowace irin mota ta lantarki. Kullum ina yin kilomita 50 zuwa 60 tsakanin gida, makarantar yara da wurin aiki, sai doguwar tafiya sau uku ko huɗu a shekara. A gida nake yi mata caji da dare, in kwanta, in tashi in tarar ta ƙoshi.

Bari in fara da abin da ya sa nake son ta, don kada abin da zai biyo baya ya rufe shi. Ban taɓa yin juyen baƙin mai ba, babu shi. Babu fulogi, babu salansa, babu kulochi, babu bel ɗin da zai tsinke. Sabis ɗinta duka bai wuce canza matatar iskar cikin mota, man birki bayan shekara biyu, da robar goge gilashi ba. Takalman birkin da ta zo da su har yau su ne a jikinta, saboda da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin da kansa yake rage gudu yana mayar da ƙarfin cikin batir. Ga shiru. Mahaifiyarmu, wadda ƙarar mota da warin mai ke sa wa ciwon kai, tawa kawai take yarda ta shiga in tafiya ta yi nisa. Idan kuma za ka wuce babbar mota a hanya, kana takawa take amsawa, babu jiran giya ta sauka.

Rahoton da ya tsorata Yaya na Consumer Reports ne, wata ƙungiyar kare masu sayayya a Amurka da ke aiki tun 1936, wadda duk shekara take tambayar membobinta irin matsalolin da motocinsu suka ba su cikin wata goma sha biyu. A ƙarshen 2023 ta fitar da sakamakon da ya zagaye duniya, bisa bayanan motoci sama da 330,000: motocin lantarki sun fi na fetur yawan matsala da kashi 79 cikin ɗari. Masu haɗa fetur da lantarki waɗanda ake jona wa caji sun fi muni, kashi 146. Su kuwa masu haɗawa na asali, waɗanda ba a jona su, matsalarsu ta gaza ta na fetur da kashi 26. Yaya a nan ya tsaya. Bai kai ga rahoton shekarar da ta biyo baya ba, inda tazarar ta sauko zuwa kashi 42 ga na lantarki, 70 ga masu jonawa. Har yanzu dai tazara ce, kuma ban ɓoye masa ba.

Akwai kuma kamfanin J.D. Power, shi ma a Amurka, wanda ke ƙirga ƙorafi a kan kowace mota ɗari. A bincikensa na 2024 kan kwana 90 na farkon mallaka, motocin fetur da dizal sun samu ƙorafi 180, na lantarki 266. Kowa ya ga waɗannan alƙaluma zai ce magana ta ƙare.

To, na buɗe littafina na ƙirga. Abu tara na rubuta cikin shekara uku da rabi. Sau huɗu allon da ke tsakiyar mota ya daskare, taswira ta tsaya cak, sai na kashe mota na sake kunnawa. Wayata ta sha ƙin haɗuwa da motar, wannan na ƙirga shi ɗaya don ya daina bayan an sabunta manhaja. Sau ɗaya murfin wurin jona caji ya maƙale sai da na danna shi da ƙarfi. Sau ɗaya birkin baya ya fara kuka. Bakwai ke nan. Sauran biyun su ne ainihin labarin, zan zo kansu. Abin da ya fara bayyana gare ni shi ne, da irin ƙirgar ƙorafi za a yi wa motata, da ta fito da baƙin fenti ƙwarai, alhali bakwai daga cikin taran nan ba su jinkirta ni ko da minti goma ba. Masu ƙirgar ba ƙarya suka yi ba. Su kansu J.D. Power sun sha faɗa cewa ɓangaren allo da haɗa waya ne ya fi kowanne jawo ƙorafi a motocin zamani, kuma motocin lantarki su ne aka fi ɗura wa irin wannan kaya, har madubi da iskar sanyi sai ta allo ake sarrafa su a wasu. Consumer Reports ma, in a yi adalci, tana ba matsala mai tsanani nauyi fiye da ƙarama idan ta zo ba kowace mota maki. Sai dai mai karatu ba ya zuwa nan. Kashi 79 yake gani a kanun labari, ya ɗauka cewa motar za ta mutu masa a daji.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin alƙaluman. Yawancin motocin lantarkin da aka yi tambaya a kansu sababbin ƙira ne, wasu ma daga kamfanonin da ba su daɗe da fara ƙera mota ba, kuma sabuwar ƙira ko ta fetur ce takan zo da laulayinta a shekarun farko. Su kuwa masu haɗawar da suka yi zarra, da yawansu na Toyota ne, wadda ta fitar da Prius tun 1997, ta yi shekara fiye da ashirin tana gyara kurakuranta. Don haka wani ɓangare na abin da ake aunawa ƙuruciyar ƙira ce, ba lantarkin kansa ba.

Yanzu ga safiyar da na ambata. Wata Talata ce, motar tana da shekara biyu da wata bakwai. Na fito da yara za mu makaranta, na danna makulli, shiru. Na sake dannawa, ko fitila ba ta ƙifta ba. Na taɓa hannun ƙofa, kamar na taɓa dutse. Daren jiya da idona na ga cajinta kashi 78, to me ya shanye shi? Ƙaramar 'yata ta ɗago kai ta ce, "Baba, ta mutu ne?" Gabana ya faɗi, domin abin da ya fara zo min shi ne babban batir, abin da kowa ke tsoratar da kai da shi tun kafin ka saya. Na zaro ɗan ƙarfen makullin da ke ɓoye cikin na'urar, na lalubo ramin da ke ƙarƙashin hannun ƙofa na buɗe. Ciki duhu, allo baƙi ƙirin. Uwargida ta kai yaran da tata hanyar, ni kuma na kira masu kai ɗauki.

Bayan kusan awa ɗaya wani dattijo ya iso. Bai ko tambaye ni dogon bayani ba. Ya ce, "Yallaɓai, ja min abin buɗe bonet." Ya fito da wata 'yar na'ura da ba ta fi littafin aljihu girma ba, ya maƙala wayoyinta biyu a kan wani ƙaramin batir da ke can gefe, irin dai wanda ke cikin kowace motar fetur. Ya ce in danna maɓalli. Na ji wani ƙas-ƙas daga ƙarƙashin mota, allo ya kawo haske, ga kashi 78 ɗina yana nan daram. Na ce, "Malam, ashe ba babban ba ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Babban nan lafiyarsa ƙalau. Wannan ƙaramin shi ne mai gadi. In bai tashi ya buɗe ƙofa ba, maigida ba ya fitowa."

Daga baya na fahimci abin sosai. Babban batirin yana da ƙarfin kusan bolt 400, don haka idan an kashe mota ana raba shi da sauran sassanta saboda tsaro. Makunnin da ke sake haɗa shi, da kwamfutocin motar, da makullan ƙofa da fitilu, duk da ƙaramin batir mai bolt 12 suke aiki. Ƙas-ƙas ɗin da na ji, makunnin ne ya sake haɗa babban batirin. Abin da ya fi damuna a nan shi ne rashin gargaɗi. Motar fetur idan batirinta ya fara rauni za ka ji tana jan numfashi kafin ta tashi, kwana biyu ko uku tana yi maka haka, sai ka san abin yi. Ta lantarki ba ta da inji mai nauyi da za a juya, don haka jiya ta tashi garau, yau ta kwanta gaba ɗaya. Ni ma ina da hannu a ciki, domin na saba buɗe manhajar motar a waya sau da yawa a rana ina duba caji, kuma duk dubawa tana tashe ta daga barci ta ci ƙaramin batir.

Wannan safiya ita ta sa na gane rahoton ADAC da na karanta daga baya. ADAC ƙungiyar masu motoci ce ta Jamus, ita ke kai wa membobinta ɗauki idan mota ta tsaya, kuma a 2024 kaɗai ta amsa kira kimanin miliyan 3.6. Ba ta tambayar kowa ra'ayinsa. Abin da ma'aikatanta suka tarar a bakin hanya take ƙirgawa. A rahotonta na 2025, da ta kwatanta motoci masu shekara biyu zuwa huɗu, a cikin kowace dubu na fetur da dizal an samu tsayuwa 9.4, na lantarki kuwa 3.8. Ƙasa da rabi. Kuma kusan rabin tsayuwar motocin lantarkin, ƙaramin batirin nan ne sanadi, shi ɗin dai da ya fi komai kayar da na fetur.

Da na aika wa Yaya wannan sai ya ce, "To wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Wancan ya ce sun fi lalacewa, wannan ya ce sun fi ƙarko." Na ce masa duka biyun. Ɗaya yana tambayar sau nawa mota ta ɓata maka rai, ɗaya yana ƙirga sau nawa ta kasa tafiya. Littafina ya yarda da su duka: ɓacin rai tara, kasa tashi ɗaya. Na kuma tuna masa cewa alƙaluman ADAC na Jamus ne, ƙasa mai hanyoyi masu kyau da yanayi mara tsananin zafi, kuma motocin da aka kwatanta duk matasa ne. Na Consumer Reports kuma daga bakin membobinta ne da suka ga dama suka amsa. Kowane ma'auni da inda ya tsaya.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya cikin shekarun nan, babu shi a kanun ko ɗaya daga cikin rahotannin biyu. Shi ne abu na tara a littafina.

Muna dawowa daga doguwar tafiya da rana tsaka, mota cike da iyali da kaya, sai wani hoton kunkuru mai launin rawaya ya bayyana a gaban sitiyari, da rubutu cewa an rage ƙarfin mota. Na taka totur, ta ƙi wuce kilomita 60 a awa. Na koma layin gefe, manyan motoci suna wuce mu suna hon, uwargida ta yi shiru tana kallon allon, yara a baya sun daina surutu. Saura kilomita kusan 30 mu isa, haka muka lallaɓa har gida, washegari na kai ta garejin dillalin da kaina. Lura da wannan: ban kira janwe ba, don haka a irin ƙirgar ADAC wannan ranar ba ta faru ba. A ƙirgar ƙorafi kuma ɗaya ce tak, daidai da daskarewar allo.

A garejin aka ce min duk aikin da ya kusanci babban batir, da wayoyin nan masu kauri launin ruwan goro, mutum ɗaya ne a wurin ke da takardar shaidar taɓa shi, kuma akwai motoci a gabana. Kwana shida kafin ya kai kanta. Da ya duba, cikin rabin awa ya gano cewa famfon da ke zagaya ruwan sanyaya batir ne ya mutu, motar kuma da ta ga zafi na hawa sai ta rage ƙarfin kanta don ta kare batirin. Wannan na yaba mata, ta yi abin da ya kamata. Sai dai famfon babu shi a ma'ajiyarsu. Aka yi oda, na jira kwana goma sha uku. Ranar da ya iso, aikin sa shi bai kai awa biyu ba. Garanti ya ɗauki komai, ban biya ko sisi ba. Amma kwana goma sha tara ina neman abin hawa, ina roƙon maƙwabci ya kai yara, ina zuwa aiki a makare. Da tsohuwar motata ce famfon ruwa ya mutu, kowane bakanike a gari zai gyara ta kafin faɗuwar rana, kayan ma ko'ina akwai.

Ban ɗora wa bakaniken laifi ba. Mutum ne mai natsuwa, ya nuna min tsohon famfon a tafin hannunsa, ɗan abu baƙi da bai fi ƙofin shayi ba, ya ce, "Yallaɓai, wallahi motocin nan ba su da wahalar gyara, mu ne ba mu da yawa, kayan kuma ba a ajiye su tunda ba kullum suke lalacewa ba." Maganarsa ta zauna min. Ƙarancin lalacewar ma yana cikin abin da ke sa jiran ya yi tsawo. Mujallar What Car? ta Birtaniya na daga cikin masu tambayar mai mota kwana nawa motarsa ta yi a gareji da nawa ya kashe, kuma tun daga lokacin, in zan karanta kowane bincike, wannan layin nake fara nema. A wurina shi ne ma'aunin da ya fi kusa da abin da mai mota ke ji a jikinsa.

Kukan birkin da na ambata ma yana da bayani. Tunda ba kasafai ake taka birkin gaske ba, faifan baya sai ya yi tsatsa. Rahotannin TÜV, masu binciken lafiyar motoci a Jamus, sun sha nuna haka a motocin lantarki, tare da gajiyar sassan ƙafa saboda nauyin batir. Maganin da aka ba ni mai sauƙi ne: lokaci zuwa lokaci, a hanyar da babu kowa, in taka birki da ɗan ƙarfi ya goge kansa. Tayoyi kuwa a kilomita 38,000 na canza su, da wuri fiye da yadda na saba. Nauyi ne da kuma yadda take fizga daga tsaye. Ban sa shi a jerin matsaloli ba, amma mai saye ya san da shi.

Babban batirin da kowa ke tsoro shi ne abin da bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Tana sabuwa, cikakken caji yakan nuna kusan kilomita 400, yanzu yana nuna 375 ko kusa da haka. Wannan lambar hasashe ce da ke sauyawa da yadda kake tuƙi, don haka na sa aka auna min a gareji, aka ce lafiyar batirin kashi 94. Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ke bibiyar motocin kamfanoni, ya duba kusan motocin lantarki 10,000 a 2024 ya ga matsakaicin raguwar kashi 1.8 ne a shekara. Lissafa shekara uku da rabi, ka ga tawa ta faɗo kusan daidai. Ina tsayar da caji a kashi 80 a ranakun yau da kullum, ba na barin ta a rana da batir cike, caji mai sauri kuma sai a doguwar tafiya. Zafi shi ne babban abokin gabar batir. Nissan Leaf na farko, wanda ya fito a 2010 ba tare da ruwan sanyaya batir ba, masu shi a jihar Arizona mai zafi sun ga batirinsu na raguwa da sauri cikin shekara biyu. Kuma akwai abin da babu binciken jin ra'ayin da zai hango maka: a 2021 General Motors ta janye dukkan Chevrolet Bolt da ta ƙera saboda lahani a ƙwayoyin batir da ke iya haddasa gobara. Mai Bolt da aka tambaya wata guda kafin sanarwar zai iya cewa motarsa lafiya lau, kuma bai yi ƙarya ba.

Wuraren caji na kan hanya na ware musu shafi daban a littafin, don ba laifin mota ba ne. Sau biyar na isa na tarar na'ura ba ta aiki ko ta ƙi karɓar biya. Wani bincike da masana jami'ar Kaliforniya ta Berkeley suka yi a 2022 a yankin San Francisco ya gwada na'urorin caji mai sauri 657, kashi 72.5 ne kawai ke aiki. Wanda ba shi da wurin caji a gida, wannan matsalar za ta zama tasa ta kullum, kuma a bakinsa motar ce za ta sha zagi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗakinsa kaɗai ya sani. Ina da abokin aiki mai irin motata sak, shekara ɗaya, launi ne kawai ya bambanta. Ya wuce ni a kilomita, kuma ban da allon da ya daskare masa sau biyu, bai taɓa ganin komai ba, ko kunkurun nan bai san kamanninsa ba. Da shi Yaya ya kira, da amsar e zai samu ba tare da jinkiri ba. Da kuma ni ya kira a kwana na goma sha biyar na jiran famfo, da na hana shi har abada. Shi ya sa ba na yarda in ɗauki labarina in rufe alƙaluman motoci sama da dubu ɗari uku da shi. Abin da labarina ya ba ni shi ne sanin nauyin kowace matsala, in ga lamba in san wacce ce ta minti biyu, wacce ce ta mako uku.

Wani abu kuma da na lura da shi a kaina: son mota yana shiga cikin hukunci. A rahoton Consumer Reports na ƙarshen 2024, kamfanin Rivian mai ƙera motocin lantarki ne na ƙarshe a jerin ƙarko, amma a tambayar ko za ka sake sayen irinta, masu Rivian ne a sahun gaba wajen cewa e. Na gane wannan sarai, domin ni ma in aka tambaye ni yau, zan sake saye. Daɗin tuƙinta na kullum ne, wahalarta kuwa ta zo sau biyu. Amma gamsuwata ba hujja ba ce cewa ba ta lalacewa, kuma bai kamata in sayar wa ɗan'uwana gamsuwa da sunan ƙarko ba.

Da kwana biyun suka cika na je gidansa da littafin a hannu. Na ce, "Yaya, ka daina tambayar ko motar lantarki tana da ƙarko. Tambayi wace ƙira, ta wace shekara." Na ce ya guji wadda ta fito bana, ya nemi wadda ta yi shekara biyu ko uku a kasuwa, ya duba makinta ita kaɗai a rahotannin, ya karanta wane sashe ne masu ita ke kuka da shi. Ya tabbatar batirinta da ruwa ake sanyaya shi, ya karanta takardar garanti da idonsa, domin yawanci shekara takwas ne ko kilomita 160,000, da alkawarin canji in lafiyar batir ta sauka ƙasa da kashi 70. Sannan kafin ya shiga ɗakin da ake baje motoci, ya zagaya baya wurin gareji ya tambayi mutum nawa ne ke da izinin taɓa babban batir, daga ina kaya ke zuwa, kuma suna ba da motar aro in gyara ya ja lokaci.

Ya daɗe yana juya shafukan, ya tsaya a kan na famfon. Gidansa mota ɗaya ce, kuma aikinsa na yawo ne. Ya ce, "Ni kwana goma sha tara ba mota, ai aikin ya tafi." Na ce haka ne, shi ya sa amsar garejin ta fi masa amsata muhimmanci, in kuma ba ta gamsar da shi ba, mai haɗa fetur da lantarki ta asali ta fi dacewa da shi a yanzu. Ya je ya tambaya a wurare biyu. Na farko mutum ɗaya gare su kamar nawa, na biyun uku, kuma sun yarda su rubuta masa motar aro a cikin yarjejeniya. Har yanzu yana shawara da iyalinsa.

Ni kuma na canza ƙaramin batirin tun a makon da ya kwanta, na rubuta a littafi cewa in sake canza shi bayan shekara biyu da rabi ko da bai nuna komai ba. Na rage duba manhaja. Na sayi irin 'yar na'urar dattijon nan, na fara ajiye ta a but, sai na tuna but ɗin da lantarki yake buɗewa, ranar da zan buƙace ta ba zan kai gare ta ba. Yanzu tana ƙarƙashin kujerar direba, kuma duk farkon wata nakan ɗauko ta in yi mata caji.